Lesin firaktikal ɗin Bayoloji da na biya wa autarmu a dogon hutu: ya ci kuɗinsa, amma akwai gyara

Tunda aka koma makaranta iyaye da yayye suke ta tambayata kan lesin firaktikal na Bayoloji da na sa autar gidanmu a dogon hutun da ya wuce, to bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya kowa ya karanta ya yanke wa kansa shawara. A taƙaice dai ya ci kuɗinsa, in maki ake bayarwa huɗu cikin biyar zan ba shi, ɗayan da na riƙe kuma akwai dalilai zan zo kansu a ƙasa. Wani malami ne yake gudanarwa shi da mataimakinsa guda ɗaya, ya karɓi hayar ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar kuɗi a nan cikin Kano, ban kama sunan makarantar ba tunda ba su ne masu lesin ba ɗaki kawai suka bayar. Yawancin yaran ƴan SS2 ne masu shiga SS3, sai ɗaiɗaiku da suka gama suna jiran admishan. Kuɗin bai kai na lesin JAMB da ake yi a unguwanni ba, sai dai akwai ƙarin kuɗin kayan aiki da ba a faɗa tun farko sai an fara.

Ni Maikirobayoloji na karanta a jami'a, yanzu kuma ina shagon mahaifinmu a Dawanau muna harkar wake da gero, don haka ba kai yarinya kawai nayi na juya ba, na nemi izinin Malam na riƙa zama a bayan aji in kasuwa ta yi sanyi, kuma kullum da daddare ina duba littafinta. Abin da zan faɗa abin da na gani ne da idona.

Mafi yawanmu mun san yadda ake koyar da hanyar binciken kimiyya a makarantunmu. Zangon farko na SS1 malami zai rubuta a allo: lura, tambaya, hasashe, gwaji, sakamako, kammalawa, yara su kwafa su haddace su zubar a jarrabawa shikenan an wuce wurin. Yaro zai gama sakandare ya san cewa aidin yana mayar da sitati shuɗi mai duhu amma bai taɓa riƙe kwalbar aidin ba, in ka tambaye shi me yasa ake ajiye kwantirol a gwaji, wato kashin da ake bari yadda yake don a kwatanta sauran da shi, sai ya karanto maka abin da ya haddace da Turanci, in kace to faɗa min da Hausa sai ido. Autarmu haka take, makinta mai kyau ne a takarda amma a wajenta kimiyya wasu amsoshi ne da aka riga aka sani aikinta ta tuna su. Wannan ne ya sa na nemi lesin da za a sa ta taɓa abu da hannunta.

Abin da ya fara burge ni shi ne Malam bai fara da allo ba. Ya zo da kwanon wake da kofunan roba da auduga yace ga tambaya, shin waken da aka jiƙa kwana ɗaya ya fi saurin tsira akan wanda ba a jiƙa ba, ku rabu rukuni-rukuni ku gano min, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Yara suka duƙufa. Wani rukuni suka sa jiƙaƙƙen a bakin taga busasshen a ƙarƙashin tebur, wasu suka sa farin wake a kofi ɗaya jan wake a ɗayan, wasu ƙwaya ɗaya-ɗaya kawai suka saka a kowane kofi. Yana gani bai hana su ba. Sai da waken ya tsira kowa ya zo da murna da sakamakonsa sannan ya fara bin su da tambaya, ke wannan naki da ya riga tsira jiƙon ne ya sa ko ɗumin ranar bakin taga, kai kuma naka jiƙon ne ko dai jan wake dama ya fi fari sauri, ku masu ƙwaya ɗaya in dama ƙwayar taku matacciya ce tun daga buhu fa? Aji yayi tsit. Daga bakin yaran ne da kansu dokar ta fito, cewa abu ɗaya tak ake canzawa, sauran komai a riƙe shi daidai, irin wake ɗaya, kofi iri ɗaya, wuri ɗaya, ruwa ma a auna shi da cokali ko sirinji, sannan a sa ƙwayoyi da yawa ba ɗaya ba, kuma tun kafin a fara a yanke me za a auna, tsawon saiwa ne ko yawan waɗanda suka tsira, kuma a wace rana. Sai bayan sun faɗa da Hausa ya rubuta musu sunayen da Turanci a allo tunda da shi za su amsa a WAEC da NECO. Gaskiya wannan tsari ya yi min, kuma a ganina shi ne ainihin abin da mutum yake biyan kuɗi dominsa a wajen nan.

Daga nan suka yi gwajin sharuɗɗan tsiro wanda yake cikin kowane littafin Bayoloji, kwalabe huɗu, ɗaya busasshiyar auduga, ɗaya jiƙaƙƙiyar auduga a cikin ɗaki ita ce kwantirol, ɗaya an nutsar da waken cikin ruwan da aka tafasa ya huce aka zuba mai a samansa don iska kada ta shiga, ta huɗu kuma jiƙaƙƙiya amma a cikin sanyi. Ta huɗun ce ta ba da matsala, makarantar ba firij mai aiki wuta kuma kun san halinta, sai aka sa ta a cikin kula mai ƙanƙara, ranar da ba lesin ƙanƙarar ta narke ba wanda ya canza, waken sanyi ya tsira abinsa. Wani malamin cewa zai yi ku rubuta bai tsira ba kawai tunda haka littafi yace. Shi kuwa cewa yayi ku rubuta abin da kuka gani, ya tsira, a ƙasa ku rubuta dalilin da yasa ba za a dogara da wannan kwalbar ba, sannan a sake. Aka sake, aka raba wa yara ranakun kawo ƙanƙara. Na daɗe ina tunanin wannan abu, domin a jami'a ma na ga ɗalibai da yawa da in gwaji bai ba da abin da ake tsammani ba sai su gyara lambobin su dace da littafi, kuma daga irin wannan ƙaramin wuri ake koyon hakan ko a koyi kishiyarsa.

Amma babban aikin lesin, wanda ya ci fiye da rabin hutun, shi ne kowane rukuni ya zaɓi tambayarsa daga gida ya tsara gwajinsa da kansa. Wasu sun ɗauki takin kaji da na shanu akan alayyafo, wasu ruwan rijiya da na famfo akan tsiron masara. Rukunin su auta, saboda tana jin hirarmu a gida, suka ɗauki ƙwarin wake, me ya fi hana wake yin ƙwari, toka ko barkono ko rufe shi ruf. Tazo tace Yaya a ba mu wake, na auno musu daga buhu ɗaya wanda ya ɗan fara ƙwari, kuma Malam ya sa suka juye shi a baho suka cakuɗa sosai kafin a raba don kada wata gora ta sami na ƙasan buhu wata ta sami na sama.

Ga yadda suka tsara. Kashi huɗu, mai toka, mai dakakken barkono, wanda aka cika gora taf aka ɗaure murfi aka naɗe da salatif, sai na huɗu da ba a sa masa komai ba. Gorori uku-uku kowane kashi, sha biyu kenan, duk gorar ruwa iri ɗaya da awo ɗaya na wake. Waɗanda ba na rufewa ruf ba an ɗaure bakinsu da yankin gidan sauro iska na shiga ƙwari ba sa fita. Sai wurin ajiya, yaran sun so su jera masu toka a gefe ɗaya masu barkono a gefe ɗaya don ya yi kyan gani, Malam yace a'a gefen taga ya fi zafi, a rubuta lambobi a takarda a nannaɗe a yi ƙuri'a kowace gora ta zauna inda ƙuri'a ta kai ta. Ranar ƙirga kuma, nan ne na ƙara girmama mutumin, ya sa aka tankaɗe tokar da barkonon aka goge waken, wani yaro daga wani rukunin ya ɗebo ƙwaya ɗari-ɗari daga kowace gora ya zuba a faranti mai harafi kawai, shi kaɗai ya san wane faranti daga wace gora, sannan su auta suka ƙirga masu huji ba tare da sun san na wa suke ƙirgawa ba. Yace musu wanda kakarsa take amfani da toka zuciyarsa tana son toka ta ci, in ya ga ƙaramin huji zai iya kau da kai bai ma san yayi ba. Maimaitawa, ƙuri'a, da rufe wa mai ƙirga ido, abubuwa uku da ake gina manyan gwaje-gwajen magani da na iri a kansu, ga su an koya wa ƴan shekara sha shida da gorar ruwa.

Sakamakon nasu, wanda ba a sa wa komai ba shi ya fi lalacewa kamar yadda kowa zai zata, rufaffen ruf shi ya fi tsira, toka ta taimaka, barkono kuma gororinsa uku ba su yarda da juna ba, ɗaya tayi kyau biyu kusan daidai suke da wanda ba a sa wa komai ba. Auta taso ta rubuta barkono baya aiki. Malam yace ba ki da wannan hujjar, abin da kike da shi shi ne da wannan awon barkonon, a wannan waken, cikin wannan lokacin, ba ki ga bambanci mai ƙarfi ba, kuma gora uku sun yi kaɗan a yanke hukunci, da gora ɗaya kuka yi kuma aka dace da mai kyan nan da yanzu kin tafi gida kina cewa barkono ne magani.

Wannan wuri ya taɓa ni sosai saboda sana'ata. A kasuwa kullum sai kaji wani yace na gwada kaza ya yi aiki, na zuba wa wakena abu kaza bai yi ƙwari ba, ba wanda yake tambayarsa to ina buhun da ba ka zuba wa ba, shi ya yi ƙwarin? Wataƙila waken nasa dama ya bushe ƙarau, wataƙila lokacin sanyin hunturu ne ƙwari ba su da kuzari. Da irin wannan na gwada ya yi aiki ne mutane suke bulbula wa abincin da za a ci maganin ƙwari irin su fiya-fiya, har ta kai a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin DDVP da ake samu a ciki. Alhali buhun nan mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje da muke sayarwa, wanda ake kira PICS, ba ya buƙatar magani ko kaɗan, kuma ba da ka aka ƙirƙiro shi ba, masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru suka fara binciken tun ƙarshen shekarun 1980, aka yi ta gwadawa ana kwatantawa da buhun da ba a rufe ba, a 2007 aka fara yaɗa shi a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya har da mu da Nijar. Sirrinsa kawai shi ne ƙwarin suna shanye iskar oksijin ɗin da ta rage a ciki sai su daina ci su daina haihuwa su mutu. Abin da rufaffiyar gorar su auta ta nuna kenan, kuma yanzu in tazo shago tana iya yi wa mai saye bayanin dalilin da yasa ba a so a riƙa buɗe buhun ko a bar ɓera ya huda ledar fiye da yadda yaran shagon suke yi. Haka ma irin wake da masara da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya take fitarwa, su SAMPEA da SAMMAZ, ai da irin wannan tsarin ake tantance su a fili, a raba gona kashi-kashi a maimaita a kwatanta da tsohon iri kafin a ce wa manomi ga wanda ya fi.

Malam yana da labarai kuma ya iya ba da su, baya jero sunaye da shekaru don a haddace, sai inda labarin zai warware wata matsala. Da wata yarinya tace ai wake shi yake haifar da ƙwarinsa da kansa tunda ko ka rufe shi sai ka ga sun fito, sai ya kawo labarin Redi, wani likita ɗan Italiya da a 1668 ya sa nama a kwalabe, wasu a buɗe wasu a rufe wasu an ɗaure bakinsu da ƙyalle mai raga, tsutsa ta fito a naman da ƙuda ya samu ya sauka kawai, a lokacin da mutane suka yarda cewa ruɓaɓɓen nama shi yake zama tsutsa. Sannan ya ba su gilashin ƙara girma suka duba bayan waken suka ga ƙananan ƙwai farare a manne, yace tun daga gona uwar take fara sa ƙwai, tsutsar ta huda ta shiga ciki ta ci ta girma, cikin kamar sati uku zuwa huɗu in da zafi ta fito da fuka-fukai ta bar hujin nan zagayayye da muke gani. Sun ma maimaita gwajin Redi da kan kifi a bayan aji, masu makarantar suka yi ƙorafin wari aka kwashe da wuri, amma tsutsar ta riga ta bayyana a buɗaɗɗiyar kwalbar yara sun gani.

Ya kuma ba su labarin Jemis Lind, likitan jiragen ruwan Birtaniya da a 1747 ya ɗauki matuƙa 12 masu fama da cutar rashin bitamin C, mai sa dasashi kumburi da jini, ya raba su biyu-biyu kashi shida, abincinsu ɗaya amma kowane kashi da abin da ake ƙara masa, wasu ruwan teku wasu ruwan tsami na binega, wasu lemon zaƙi da na tsami, masu lemon ne suka farfaɗo cikin ƴan kwanaki. Abin da na so shi ne bai tsaya a yabo ba, yace musu ku nemo min raunin wannan gwajin, yara da kansu suka ce mutum biyu sun yi kaɗan, kuma ba ƙuri'a akayi ba, kuma likitan ya san wa yake shan me. Ya ambaci Hasan Ibnul Haisam ma, wanda aka haifa a Basra a 965 yayi aikinsa a Alƙahira, yadda ya gwada tafiyar haske da ɗaki mai duhu da ƙaramar kafa maimakon ya karɓi maganar magabata kawai, na ga yaran sun ji daɗin jin sunan da ya yi kama da na gida. Mu muna cewa gani ya kori ji, to abin da Malam yake ƙoƙarin dasa musu ya ɗara haka kaɗan, ganin ma sai an tambaya da me aka kwatanta shi.

Sauran gwaje-gwajen manhaja an yi su daidai gwargwado. Gwajin sitati a ganye sun yi shi cikakke, an ajiye shukar a duhu awa 48 don sitatin da ke ganyen ya ƙare, an rufe wani sashe na ganye da baƙar takarda an fitar rana, an tafasa ganyen, an sa a sifirit don koren ya fita, an ɗauraye an ɗiga aidin, inda rana ta taɓa yayi shuɗi mai duhu inda aka rufe bai yi ba. Gwajin osmosis, wato yadda ruwa yake ratsa fatar ƙwayoyin halitta ya nufi inda sukari ko gishiri ya fi yawa, an yi shi da ruwan sukari da doya ɗanya da dafaffiya, shima lafiya lau. Gwajin abinci da ruwan Benedict, wanda ake gano sukari da shi, an yi amma a gurguje.

To yanzu inda na riƙe maki ɗaya.

Na farko kuma wanda ya fi damuna shi ne tsaro. Ranar gwajin ganye risho aka kunna a kan tebur, kwalbar sifirit a buɗe ba nisa da wutar, yara mata da hijabi suna sunkuyawa a kai. Eh Malam ya bi ƙa'ida wajen kashe wuta kafin a tsoma kwalbar sifirit a ruwan zafi, amma ɗaki cike da yara, ba tabarau na kariya ko ɗaya, ba abin kashe gobara, ko bokitin yashi babu. Sifirit wutarsa ba a cika ganinta da rana ba, kafin a ankara ta kama mayafi. Nayi masa magana a gefe ya karɓa da kyau, washegari na ga bokitin yashi da ruwa kuma ya ce mata su riƙa cusa hijabi cikin rigar lab, amma wannan abu ne da ya kamata a ce tun ranar farko yana nan ba sai wani ya faɗa ba.

Na biyu cunkoso. An ɗauki yara fiye da yadda ɗakin da kayan za su ɗauka, maikuroskof ɗaya ne mai aiki, ranar kallon fatar albasa layi akayi kowa ya leƙa na ɗan daƙiƙu a ce na gaba, wasu na tabbata ba abin da suka gani sai gashin idonsu amma suka zana abin da ke littafi, wanda kuma ya saɓa wa duk abin da lesin yake koyarwa. A rukunin da aka haɗa maza da mata kuma na lura mazan ne suke riƙe kwalba da sirinji matan an bar su da biro suna rubutawa, sai da auta da ƙawarta suka yi ƙorafi sannan aka fara juya aikin. Mataimakin nasa kuma gaskiya ba su zo ɗaya ba, ranar da Malam baya nan karanto musu nots yake yi su kwafa, in yaro yayi tambaya yace haka yake a littafi, ranakun nan kusan asarar kuɗin mota ne.

Na uku, kuma iyaye su lura da wannan da kyau, lesin bai ba zane da lakabin sassa haƙƙinsu ba. Takardar firaktikal ta WAEC kaso mai yawa nata duba samfur ne, a zana, a sa suna a sama, a rubuta girman zanen akan ainihin abin, a ja layukan lakabi da rula kada su haɗu da juna, a faɗi bambanci da kamanni tsakanin samfur biyu, kuma ana rasa maki sosai a waɗannan ƙananan abubuwa. Malam ya fi karkata ga tsara gwaji saboda nan zuciyarsa take, zanen sai a ƙarshen hutu aka taɓa shi sama-sama. Wanda burinsa kawai yaro ya ci firaktikal a watan Mayu ko Yuni to wannan lesin shi kaɗai bai isa ba sai an haɗa da tsofaffin tambayoyi da atisayen zane a gida. Haka lissafin sakamako, an koya musu fitar da matsakaici da zana giraf, amma yara da yawa har aka gama suna rikita wanne ake sawa a kwance wanne a tsaye, wato abin da ka canza a kwance abin da ka auna a tsaye, da an ƙara rana ɗaya ko biyu akan wannan da ya zauna.

Sai ƙananan abubuwa, ba a fara aji akan lokaci musamman ranar Asabar, ba takardar bayani da ake rabawa sai abin da yaro ya rubuta da hannunsa, banɗakin mata ba ruwa, kuma gwajin ƙwarin wake hutun ya yi masa kaɗan, zagaye ɗaya na rayuwar ƙwaron kawai aka kama, da an fara shi tun makon farko da bambancin gororin ya fi fitowa fili. Kuɗin kayan aiki da aka zo da shi daga baya ma bai yi wa wasu iyaye daɗi ba, ba yawansa ba ne, rashin faɗa tun farko ne.

Duk da haka zan sake biya mata in an buɗe a hutun Disamba, kuma na ba maƙwabta biyu shawara su kai nasu. Canjin da na gani a yarinyar nan ba a maki na gan shi ba tukuna, a irin tambayoyinta na gan shi. Mai maganin gargajiya ya wuce da lasifika yana cewa mutum ɗari sun sha sun warke, tace Yaya su nawa ne ba su sha ba kuma suka warke? Umma tace sabon takin da aka ba ta ya sa zogalenta ya yi kyau, tace Umma ai damina ce ta sauka a makon da kika zuba, bari mu bar guda biyu ba taki mu gani, kuma cikin ladabi take faɗa ba raini. Yaron da zai shiga jami'a ya karanci likitanci ko aikin gona ko harhaɗa magunguna, BIO 101, wato darasin Bayoloji na shekarar farko a jami'a, da firaktikal ɗinsa za su zo masa da sauƙi in ya riga ya saba da wannan tunanin, wanda ma ba zai ci gaba da kimiyya ba zai yi noma ko kasuwanci ko kiwon kaji ana ta kawo masa kaya ana cewa an gwada.

Wanda zai kai nasa, kafin ka biya ka tambayi yara nawa za a ɗauka kuma ka nemi a faɗa maka jimillar kuɗi har da na kaya, ka tambaya ko Malam da kansa zai riƙa shiga ko mataimaki, ka leƙa ɗakin ka ga akwai yashi ko abin kashe wuta. Yaro ya tafi da littafi mai tauri daban na rubuta sakamako, fensir HB, rula, reza ko abin fiƙe, da tsohuwar riga mai dogon hannu in ba shi da ta lab domin aidin baya fita a kaya da sauƙi. Ɗan SS1 mai shiga SS2 ma zai amfana, ina ganin ma shi ya fi dacewa tunda jarrabawa ba ta matso shi ba zai samu natsuwar yin gwajin a hankali, ɗan SS3 kuma a haɗa masa da atisayen zane a gida kamar yadda na faɗa.